Shekarar da Muka Hana Ɗiban Zuma

Ku da kuke jera akwatuna a bayan gari, ku sa rigar raga da safar hannu ku buɗe su da rana tsaka, ban ce ba ku iya ba. Abin da ya sa na tara ku, jiya na ji ɗayanku yana cewa wai babu sana'a mai sauƙi kamar kiwon zuma, ƙuda ke wahala, mutum kuwa sai lasa. To, ku gyara zama. A wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe na tashi, kuma na fara hawa itace da amya a bayana tun Turawa ba su tafi ba.

Amyar farko da na saƙa, Baba Nomau ya kwance ta a gabana. Shi ƙanen mahaifina ne, kuma shi ne Sarkin Zuma na yankinmu, wato shugaban masu amya. Na yanko gamba, na saƙa ta doguwa kamar ganga, na shafe ta da kashin shanu, na shanya ta bushe, na kawo masa ina jiran yabo. Ya ɗaga ta sama, ya leƙa cikinta ta wajen rana. Haske ya shigo ta 'yan kafofi nan da can.

"Ummaru, wagga ba amya ba ta, rariya ta," in ji shi. "In kai ka ga rana, tururuwa ta ga ƙofa. Sake."

Na sake, na kuma sakewa. Sai da hannuna ya yi kanta kafin ya yarda a turara mini ita. Turaren ma aiki ne. Ana gina ɗan rami, a zuba garwashi, a ɗora kajiji da tsohon kaki, a kifa amya a kai ta sha hayaƙin har ƙamshin ya kama ciyawa. Idan ba haka ba, sai ka ɗora ta a itace ta shekara babu mai shiga sai ƙadangare. Kashin shanun da muke shafe, daga rugar Ardo Jaɓɓi muke kwasowa. Fulani ne da ke sauka kusa da mu kowane rani, su tashi arewa idan ruwa ya sauka. Mu ba su zuma, su ba mu nono da taki. Haka muka taras iyayenmu suna yi.

Kayan aikinmu ba su da yawa: igiyar rama mai tsawo, wuƙa, masaki, da damin busasshiyar ciyawa da ake kunnawa don hayaƙi. Riga kuwa cire ta ake yi. Mutum ya hau daga shi sai warki, domin ƙudan da ya shiga cikin riga ya rasa hanyar fita, shi ne mai harbi. Da magariba ake hawa, bayan ƙuda ya koma gida. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa yana riƙe da igiya. Ranar da na fara hawa ni kaɗai, a kan wata ɗorawa ce mai reshe kamar hannun ƙato. Na buɗe marufi, na hura hayaƙi da yawa don tsoro, ƙuda ya fito ya rufe mini hannu har kafaɗa. Na ji Baba daga ƙasa, murya a kwance kamar mai ba da labari:

"Kak ka kaɗe su. Tsaya awa itace. Ba su san ka ba tukuna."

Na tsaya. Suka yi ta yawo a jikina, sannan suka koma. Na yanki saƙar da ta nuna, na bar mai 'ya'ya, na kuma bar musu abin da za su ci. Wannan ita ce doka ta farko a wurinmu: ba a share amya.

Masu saye kuwa kowa da abin da yake nema. Mata masu nakiya suna son fara mai kauri, ta furen kaɗanya. Masu magani suna son baƙa, wadda ta daɗe a amya. Dukawa ba ruwansu da zuma, kaki suke saye su goge zare da shi. Akwai kuma wakilin wani kanti da ke zuwa kasuwar Tambuwal, yana tara kaki a loda a mota a yi kudu da shi. Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ban taɓa ganin neman zuma kamar na wannan lokaci ba. Kowane gida mai hali yana son nakiya da alkaki. Wata tsohuwa daga Dogon Daji ta tsaya a gabana, ta tsoma tsinke a tuluna, ta ɗiga a kan rairayi, ta durƙusa tana kallo. Ɗigon ya tsaya dunƙule bai nutse ba. Ta miƙe ta ce, "Yaro, ba ka sa ruwa ba. Allah shi bar ka haka." Ta kwashe tulun gaba ɗaya, kuma har ta rasu ba ta sayi ta wani ba.

Amma duk wannan ba shi ne wuyar sana'ar ba. Wuyarta ita ce sanin abin da ke faruwa cikin amya ba tare da ka buɗe ta ba. Baba kan zaunar da ni gindin itace da hantsi, ya ce in kalli ƙofa kawai. Da farko ba na ganin komai sai shiga da fita. A hankali na fara rarrabewa. Akwai masu tsaron ƙofa, duk wanda ya sauka sai sun shinshine shi. Akwai masu tsayawa a baki suna kaɗa fiffike don iska ta shiga. Akwai masu ɗebo ruwa, akwai masu fito da gawa su yar da ita nesa. Babu mai ba su umarni da za ka gani, amma ba aikin da ke kwana. Akwai kuma maza, ƙattai masu manyan idanu, ba su harbi, ba su zuwa fure, sai ci. Lokacin wadata ana ƙyale su. Ranar da abinci ya ja baya, za ka ga ana jawo su waje ta ƙafa da fiffike, a tura su ƙasa.

Wata amya da na duba a gefen rafi ita ta koya mini abin da ban manta ba. Daga waje ƙuda ya cika ta, har ina murna. Baba ya saurara da kunne a jikinta, ya girgiza kai. Da muka buɗe, babu zuma, sai maza ko'ina, kuma a kowane ramin saƙa ƙwai barkatai maimakon ɗaya. Ya ce uwar ta mutu, ba su sami wata ba. Muddin uwa tana nan, ma'aikata ba sa yin ƙwai, idan ma wata ta saci jiki ta yi, sauran sukan cinye shi. Da uwa ta ɓace, kowace sai ta bar aiki ta koma zuba nata ƙwan, kuma ba abin da ke fitowa daga ciki sai maza. Gida ya cika da masu ci, babu mai nema. Bai yi wata ba amyar ta zama kango.

Mu ma muna da namu tsarin. Masu amya na ƙauyukanmu duk dajin guda muke ɗorawa, kowa da itatuwansa da alamarsa a jikinsu. Ba mai ɗora amya a itacen wani, ba mai ɗiba sai Sarkin Zuma ya ce lokaci ya yi. Idan aka ga sawun dage, dabban nan mai fasa amya, tare muke fita mu ɗaure ƙaya a gindin itatuwa, na kowa da kowa. Idan kwarkwasa ta taso, wanda ya fara gani shi ke zuba toka, ko da amyar ba tasa ba ce. Malamin daji na En'e ma da Baba yake magana, ba da mu ɗaya ɗaya ba.

Sai ga muguwar shekara. Bayan mulkin kai ne da 'yan shekaru, tun Jihar Arewa tana ɗaya. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Kaɗanya ba ta yi furen kirki ba, ɗorawa ma tutunta ya fito tsilla-tsilla ya bushe. Rafi ya ƙafe tun kafin bazara, sai rijiyoyin da aka gina a cikin yashinsa. Amyoyi da yawa ƙuda ya yi ƙaura ya bar su. Waɗanda suka rage sun yi zafin rai, ko inuwarka ce ta gitta sai su biyo ka. A shekarar na fara ganin zuma tana yi wa zuma fashi. Ɓarawon ƙuda ba ya sauka kai tsaye, sai ya riƙa lilo a ƙofa yana neman inda masu tsaro suka yi sakaci. Idan ɗaya ya shiga ya fito da ciki cike, to, ya tafi kiran 'yan'uwansa ke nan.

Baba ya tara mu gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ya ce bana ba za a ɗebi zuma ba, ko kaɗan. Abin da ke cikin amyoyi shi zai riƙe ƙuda har ruwa ya sauka. Idan aka taɓa, su mutu ko su gudu, baɗi kuma babu iri. Ya ƙara da cewa duk amyar da aka buɗe a irin wannan lokaci, ƙamshinta zai tayar da dajin duka. Kowa ya ce ya yarda. Cikin masu cewa sun yarda har da Ɗantani.

Ɗantani maƙwabcina ne, ya girme ni, kuma a iya hawa itace babu kamarsa. Gonarsa a kan tudu take, ita ta fara ƙonewa. Yana da 'ya'ya ƙanana da tsohuwar uwa makauniya. Mutum ne da ba ya roƙo, ko gatari ba ya aro.

Wata Juma'a, mun fito masallaci ke nan, sai ga wani Bafillace a guje, rawani a hannu, yana ihu wai zuma ta tashi a bakin rafi. Muka kwashi ciyawa da wuta muka ruga. Tun daga nesa muke jin ƙugi kamar na mota. Ƙuda ya rufe sama. Amya guda tana ƙasa a fashe, saƙa a warwatse, zuma ta malale a kan ganye. Ƙudan dajin duka ya taru a kanta, da ta ƙare kuma ya afka wa amyoyin da ke kusa. A gindin itatuwa gawar ƙuda ta yi baƙi kamar an zuba gawayi. Amyoyina na wurin duk sun tafi, na Baba ma haka.

Ba wannan ne mafi muni ba. Dudu, matar Ardo Jaɓɓi, ta zo ɗiban ruwa a rijiyar rafi, ta ɗaure takarkarinta a gindin tsamiya. Shi ne san da ke ɗaukar musu kaya idan za su tashi. Da ƙuda ya sauko, ita ta faɗa cikin rijiyar, da yake ba ta da zurfi, ta kifa ƙwarya a ka. Sa kuwa yana ɗaure, ba inda zai je. Muka yi ta hayaƙi har muka kai gare shi muka yanke igiya, amma ya riga ya kwanta. Aka yanka shi kafin ya cika. Dudu muka fito da ita hannu da wuya duk a kumbure.

Washegari mai gari ya kira mu. Ardo ya zo da mutanensa, kowa da sanda a kafaɗa, ba mai murmushi. Mai gari ya ce idan ba a daidaita ba, zai aika wa hakimi, kuma abin da zai biyo baya a sauke kowace amya daga dajin. Ya juya ga Baba ya tambaye shi wanda ya buɗe amya.

"Ranka shi daɗe, zumammu ta," in ji Baba. "Ta masu amya ta. Abin da tab ɓata, mu munka ɓata."

Babu wanda bai san mai laifin ba. Ɗantani yana zaune a bayanmu, fuska ta kumbura har idanu sun shige, leɓe kamar an hura. Ya zaɓi lokacin da kowa ke masallaci ya hau da rana, ƙuda ya fi ƙarfinsa, amya ta kuɓuce masa ta faɗo. Wasu daga cikinmu tun a hanya suke cewa a miƙa shi ga alƙali, a kuma raba itatuwansa. Ni ma ban ce a'a ba, don tawa asarar tana gabana.

Kafin mai gari ya sake magana, Ɗantani ya miƙe.

"Ni na, ranka shi daɗe. Baba ba shi da laifi, ya hana."

Ardo ya dube shi. Sannan ya ce, "Kai da nika gani kana hawan kuka awa biri, mi ya kai ka buɗe amya da rana?"

"Rumbuna ya ƙare tun tuni," in ji Ɗantani. "Ganyen tafasa ɗiyana ka ci, ita ma ta ƙare. Na ce in samu ko ƙwarya guda in kai kasuwa in musanya da hatsi."

Ni da ke katanga ɗaya da shi ban sani ba. Ina ganin hayaƙi na tashi a gidansa kullum, ashe ruwa da ganye ake dafawa.

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba mai gari ya kalla ba, mu ya kalla. Ya ce, "Ran da nis sa doka, na tambayi abin da ƙuda za shi ci. Ban tambayi abin da ɗiyan mutane za su ci ba. Ku ma ba wanda yat tambaya."

Ardo ya ce shi ba ya son zuwa gaban alƙali, kuma ya san ba mai sa a cikinmu da zai biya shi. Damuwarsa ɗaya ce. Ruwa na sauka za su tashi arewa, ga turmi, ga tabarmi, ga ƙore, ga sandunan bukka, ga tsofaffi. Wa zai ɗauka?

"Mu," in ji Baba.

A kan haka aka tashi. Da muka koma gindin tsamiyarmu, aka yanke wa Ɗantani nasa hukuncin. Ba a kore shi ba, ba a taɓa itatuwansa ba. An ce tun daga ranar har saukar ruwa, shi zai riƙa kai wa ƙudan dajin ruwa. Ya jera kasake a gindin itatuwa, ya zuba tsakuwa da karare a ciki don kada ƙuda ya nutse, kullum da sassafe ya ɗebo daga rijiyar rafi ya cika su. Aikin da ya kamata mu raba ne tun farko, shi kaɗai ya yi shi, kuma shi ya riƙe mana amyoyin da suka tsira. Aka kuma gyara doka. Baba da kansa ya zaɓi amyoyi mafiya nauyi a can ƙarshen daji, aka buɗe su da magariba yadda ya kamata, aka ɗebi kaɗan kaɗan, aka musanya da dawa a kasuwar Kebbe. Aka bi gida gida ana tambaya, ba a jira mutum ya faɗa da bakinsa ba. Ashe ba gidan Ɗantani kaɗai ne ke dafa ganye ba.

Ranar tashin Fulani, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Muka je ruga da jakunan da muka iya samu, sauran kaya kuwa sai a ka. Ɗantani bai jira an raba ba, ya nufi turmi, wanda ya fi komai nauyi, ya naɗa gammo ya ce a ɗora masa. Ya ƙara da damin sandunan bukka a kafaɗa. Shanu a gaba, mu a baya, muka yi ta tafiya cikin taɓo har muka wuce Jabo. A hanya an yi an yi ya ba wani turmin ya huta, ya ƙi. Dudu tana tafe kusa da shi da ƙorenta a ka, tabon harbi bai gama bajewa a wuyanta ba.

Da la'asar muka isa inda za su sauka. Ɗantani ya sauke turmin, ya zauna a ƙasa. Matan ruga suka shiga kafa bukkoki. Dudu ta kwance faifai a kan wata ƙwarya, ta dama fura da kindirmo, ta wuce Ardo, ta wuce Baba, ta ajiye a gaban Ɗantani. Ya kawar da kai, ya ce a ba manya tukuna.

"Sha, Kaɗo," in ji ta. "Ni ban taɓa sauke wa takarkarina kaya in bar shi da yunwa ba."

Fulani suka fashe da dariya, mu ma muka kama. Ɗantani ya ɗauki ludayi, ya sha. Da za mu juyo, ta ɗaura masa curin man shanu da 'yar jakar gero, ta ce na tsohuwa ne da yara.

Sunan ya bi shi. Daga ranar ba mai ce masa Ɗantani, sai Takarkari, kuma yana amsawa. Kowane rani idan rugar ta dawo, shi ke fara kai musu zuma, kuma duk shekarar da za su tashi, ko da sun sayi wani san, sai ya je ya ɗora musu kaya da hannunsa. Bayan Baba Nomau ya tsufa ya daina hawa, da aka zauna zaɓen sabon Sarkin Zuma, ba a yi gardama ba, shi aka ba. Bai taɓa sa doka ba sai ya zaga gidajenmu ya leƙa rumbuna da idonsa.

Ranar da Ɗantani ya rasu, muna shirin ɗaukarsa sai ga wasu Fulani sun shigo gari da ƙura a ƙafa, jikokin Dudu ne, sun ji labari a kasuwa. Ba su san sunansa na yanka ba. Suka tsaya a bakin masallaci suna tambayar gidan Takarkari. Da aka fito da makara, babbansu ya matso, ya ce a ba su gefe ɗaya.

"Ya ɗaukar muna," in ji shi. "Yau mu ka ɗauka tai."